Daga Damagum Zuwa Bakin Ruwa: Yadda Ayarin Masunta Ke Shirya Tafiya

Duk matafiyin da ya bar Potiskum ya miƙa gabas a kan babbar hanyar da ta nufi Damaturu da Maiduguri, ba makawa sai ya ratsa ta Damagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, kuma mazaunin Sarkin Fune. Gari ne na tudu. In an duba hagu gonakin gero ne da wake da gyaɗa, in an duba dama ma su ne dai, sai itatuwan kuka da aduwa jefi-jefi, da garken shanu ana kora su zuwa kasuwa. Babu wani babban kogi a gindin garin, balle kwata inda jirage ke tsayawa. Wanda ya sauka a tashar mota ya ce yana cigiyar kwalekwale, sai a ɗauka zafin rana ne ya taɓa shi.

Duk da haka akwai tsohuwar dangantaka tsakanin wannan gari da ruwa. A shekarun da kasuwar kifi ta Baga take ci sosai, manyan motoci maƙare da kwalayen banda ta nan suke bi dare da rana, su nufi Jos da Inugu da Anaca da Ikko, har mazauna bakin hanya sukan gane motar kifi da ƙamshinta tun kafin ta iso. Haka kuma idan kaka ta wuce, aka kai amfanin gona rumbu, samarin ƙasashen tudu irin wannan sukan tafi cin rani. Waɗansu birni suke nufa, waɗansu kuwa bakin ruwa, inda za su kafa sansani su yi watanni suna su. Tafiyar ta biyun ita ce mai wuyar shiri, domin ruwa ba ya yafe sakaci, kuma rabin nasararta tun a zaure ake samunsa kafin a taka mota.

Jirgin Dufuna

Kafin a shiga maganar shiri, ya kamata a san cewa a ƙasar Fune aka tono jirgin ruwan da ya fi kowanne tsufa a cikin waɗanda aka taɓa samu a nahiyar Afirka. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna, ba nisa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani baƙin ice a zurfin kimanin mita 5. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Shi kuwa wannan bawan Allah ruwa ya je nema ya tono tarihi. Labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri suka zo suka duba. A 1994 aka yi babban haƙa bisa jagorancin Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri da Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt ta ƙasar Jamus, sa'an nan a 1998 aka ciro jirgin gaba ɗaya aka kai shi Damaturu don a adana.

Tsawon jirgin mita 8.4 ne, faɗinsa kimanin rabin mita, kaurin jikinsa kuwa bai wuce santimita 5 ba. Daga gungumen ice guda aka fafe shi, dangin maɗaci, an kuma tsara goshinsa da ƙeyarsa da tsini irin na gwanin masassaƙi. Gwajin da aka yi a ɗakunan bincike na Turai ya nuna ya kai shekara 8,000 a duniya, watau ya girmi dalar Masar da dubban shekaru. A wancan zamani Tafkin Cadi ya yi wata irin cika, har masana suna ƙiyasta faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 350,000, fiye da sulusin ƙasar Nijeriya ke nan, kuma tudun yashin da ya ratsa ta Bama da Maiduguri shi ne tsohuwar gaɓarsa. Koguna da fadamun da ke kwarara cikinsa sun mamaye wuraren da yau ake noman gero. Ashe ke nan a wancan zamani akwai mutanen ruwa a ƙasar Fune. Su a ƙofar gida suke tura jirgi. Na yanzu kuwa sai sun ɗaura guzuri sun bi ruwan inda ya koma.

Ina aka dosa?

Wannan ita ce tambayar farko da ayari zai warware, kuma ruwa uku ne a gabansa. Na kusa shi ne Komadugu Gana, wanda ya taso daga ƙasar Bauci, ya bi ta Misau, ya wuce ta Dapci a arewa da Damagum, kafin ya je ya haɗu da kogin Yobe. Kogi ne na damina. Da rani ya tsaya sai ya yanke ya bar gurabu nan da can, a cikinsu ake kama tarwaɗa da gaiwa. Tafiyarsa ba ta da tsada, amma kamunsa ma bai taka kara ya karya ba.

Na biyu shi ne fadamun Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin dausayi kafin su haɗe kusa da Gashuwa su zama kogin Yobe. Daga Potiskum akwai hanya ta Jakusko, daga Damaturu kuma akwai ta Dapci da Bayamari. Nan ce ƙasar Badawa, waɗanda suka gaji su kaka da kakanni, kuma a nan ake bikin kamun kifi na Bade a Gogaram. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye, saboda ɗimbin tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna cin hunturu a wurin.

Na uku shi ne uban tafiya, watau Tafkin Cadi. Daga Damagum sai an bi ta Damaturu a kai Maiduguri, daga can kuma a yi tafiyar kimanin kilomita 200 ta Monguno kafin a isa Baga da Doron Baga. Wanda bai taɓa gani ba yakan ɗauka teku ce, ga shi kuwa ruwan daɗi ne da ake sha, ko da yake babu kogin da ke fita daga cikinsa. Ƙasashe huɗu ne suka kewaye shi, Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, su ne kuma suka kafa Hukumar Tafkin Cadi a 1964. A nan giwan ruwa yake, da bargi da yauni da ƙurungu da karfasa. A nan ne riba ta fi yawa, a nan ne kuma haɗari ya fi yawa.

Uban tafiya da 'yan ayari

Shirin zaune ya fi na tsaye. Tun ana girbi ake fara shawara, bayan sallar isha'i, a zauren wanda ake sa ran zai ja ragama. Ba a naɗa uban tafiya don dukiya ko yawan shekaru kaɗai. Ana neman wanda ya taɓa zuwa ruwan da aka dosa, ya san kwatarsa da masu iko da ita, yana da mai masauki a can, yana kuma jin Barbarci ko Badanci gwargwadon abin da zai fitar da shi kunya. Da yake mutumin tudu bai gaji ruwa ba, ayari mai hankali yakan jingina da masunci na gado, ko Babade ko Basarke daga cikin Sarkawan Kabi da suka daɗe da bazuwa a ruwayen gabas, ya zama shi ne idonsu.

Ba a son ayari ya cika yawa, ba a kuma son ya yi kaɗan. Mutum shida zuwa goma sun isa su riƙe jirgi biyu ko uku, a bar mutum biyu a tudu. Kowa da aikinsa tun daga gida: ga masu tuƙi, ga masu jefa kaya da ɗagowa, ga mai fiɗa da banda, ga yaron da zai riƙe tukunya ya nemo itace. Tambayar da uban tafiya ba ya jin kunyar yi wa kowa ita ce ta iyo. Yakan dubi saurayi ya ce, “Kai yaro, tsakaninka da Allah, ka iya ruwa?” In ya amsa, “Baba, ban iya ba,” to ba a kore shi, amma aikinsa a gaɓa yake sai ya koya. Wanda ya ɓoye ya shiga jirgi don kada a raina shi, ya jefa kansa da wanda zai yi ƙoƙarin cetonsa cikin halaka.

A wannan zaman ne kuma ake tankaɗe hali. Mai saurin fushi, da mai ɓoye kamu, da wanda ba ya jin magana, gara a rabu da su tun a Damagum. Sansanin su wuri ne ƙuntatacce, tukunya ɗaya, bukka biyu, wata uku ko huɗu. Ƙaramar magana in ta kwana sai ta zama gaba, gabar da aka shiga jirgi da ita kuwa ba a san inda za ta tsaya ba.

Sanin lokaci

Masunci da ruwa yake lissafi, kalanda tana biye. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Jos da ƙasar Kano cikin Yuli da Agusta shi ne yake gangarowa ya cika fadamun Nguru da Gashuwa wajen Satumba da Oktoba. Kifi yakan bi ambaliyar ya shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba. Idan ruwa ya fara janyewa daga Nuwamba, sai kifin ya nemi komawa kwarin kogi, a lokacin ne ake tare shi. Wanda ya zo da wuri zai tarar da ruwa ya bazu, kifi ya warwatsu. Wanda ya makara zai tarar an kafa kaya a duk mashigin kirki.

Lissafin Tafkin Cadi dabam yake, har yakan ba baƙo mamaki. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake zuwa, su kuwa daga can kudu mai nisa suka taso, ta Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kamaru. Saboda nisan tafiyar, tafkin ba ya kai matuƙar cikarsa sai wajen Disamba da Janairu. Watau daidai lokacin da rijiyoyin tudu suka fara ja da baya, ƙura ta turnuƙe Damagum, a sa'an nan ne ruwa yake malalowa gaɓar Barno. Amma lokacin ne kuma na iskar hunturu, wadda ke tayar da igiyar ruwa a sarari, ta kuma kawo hazon da ke ɓatar da matuƙi. Shi ya sa akan fita da asuba kafin iska ta tashi, a dawo gaɓa kafin rana ta take.

Jirgi da kayan su

Ba wanda ke ɗaukar jirgi daga Damagum. A kwata ake saye ko a yi haya, shi ya sa kuɗinsa ne farkon abin da ake warewa. Irin gungumen da aka fafe jirgin Dufuna da shi ya yi wuya a Arewa, saboda haka yawancin jiragen yanzu na katako ne da ake kawowa daga kudu, a haɗa da ƙusa, a toshe kafofin da tsumma da kwalta. Mai saye yakan sa a tura jirgin cikin ruwa ya zauna a ciki ya ga inda yake yoyo. Kowane jirgi yana bukatar filafili har da na ajiya, da doguwar sandar tuƙi domin ruwan ba zurfi gare shi ba a wurare da yawa, da ƙwaryar kwarfe ruwa, da igiya. Buduma mazauna tsibiran tafkin sun shahara da jirgin da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa, Badawa da Hausawa kuma da babbar gora wadda masunci ke kifa ciki a kai yana iyo, yana jefa abin da ya kama a cikinta.

Kayan kamu kuwa ruwan da aka dosa shi ke zaɓensu. Kalli raga ce da ake shimfiɗawa a bar ta ta kwana. Birgi jefa shi ake yi daga kan jirgi ya buɗe kamar laima. Taru sai da taron mutane ake jansa. Mamari doguwar igiya ce mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, maganin tarwaɗa. Gura kuwa tarko ne da ake saƙawa, kuma idan aka jera su da yawa aka datse mashigi, shi ake kira dumba, abin da ya sha jawo rigima tsakanin masunta domin na gaba yakan hana na baya samu. Dole a tafi da zare da allurar ɗinkin raga, don ragar da ta kwana a ruwa ba ta rasa ɓaraka. Abin da ayarin kirki ba ya ɗauka shi ne guba da nakiya. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su, kuma tun kafin doka masunta na gado suna ƙyamar mai yin haka, saboda yana kashe na bana da na baɗi.

Akwai kuma rigar da ke hana nutsewa, wadda hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa take ta nanata a riƙa sawa. Masunta da yawa suna ganin sa ta gazawa ce. Gwanin iyo ma yakan gaji, ƙafarsa takan sarƙe a raga, kuma kuɗin rigar bai kai na kalli ɗaya mai kyau ba.

Guzuri

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kifi ba ya zama abinci shi kaɗai, saboda haka daga gida ake auna gero da dawa a niƙa, a haɗa da garin rogo da ƙuli-ƙuli don ranar da ba a sami hura wuta ba. Sai kayan miya busassu: kuka, kuɓewa, daddawa, barkono, gishiri da kanwa, da man gyaɗa a galan. Shayi da sukari ba a barinsu, domin sanyin asuba a bakin ruwa cikin Janairu yana ratsa ƙashi. Kowa zai kawo mudun da aka yanka masa, a tara a hannun mutum ɗaya, shi ke fitarwa kullum da awo. Ayarin da ya bar buhu a buɗe kowa na ɗiba, kafin wata biyu zai koma cin bashi a kwata.

Bayan abinci sai abin kwanciya da na lafiya: tabarma, bargo, leda babba ta rufin bukka, tocila, adda, da gidan sauro ga kowane mutum, wanda shi ne ya fi kome muhimmanci. Sauron bakin ruwa ba irin na tudu ba ne, da faɗuwar rana yake fitowa kamar hayaƙi. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tsargiya su ne cututtukan sansani. Tsargiya daga ruwan da ke kwance ake ɗaukarta, inda dodon koɗi yake, alamarta kuwa jini a fitsari, kuma tana da magani a asibiti. Ya kamata a tafi da maganin zazzaɓi da gishirin haɗa ruwan gudawa, a riƙa tafasa ruwan sha ko da ya yi kyau a ido. A zamanin yanzu an ƙara da wayar hannu da ɗan faifan caji mai amfani da hasken rana, a kuma bar wa na gida sunan kwatar da aka nufa da na mai masauki.

Izini da sansani

Ruwa yana da masu shi. Baƙon da ya iso ya jefa raga ba sallama, ya nemi a ƙwace kayansa. Mai masauki, wanda a ƙasar Barno ake kira fatoma, shi zai kai uban tafiya gaban Bulama ko Lawani ko Sarkin Ruwa, da goro a hannu. Bayan gaisuwa sai ya ce, “Ranka ya daɗe, baƙinka ne daga Fune, sun zo neman abinci a ruwanka.” A nan za a faɗa musu abin da za su biya, da inda aka yarda su kafa kaya, da gurbin da aka hana taɓawa sai ranar da gari zai yi su na gayya. A ƙasar Bade akwai gurabun da ke hannun gari ko wani gida tun kakanni, kuma wannan hani shi ne ya sa ake samun abin kamawa ranar buki.

Wurin sansani kuwa tudu ake nema wanda ruwa ba zai cim masa da dare ba, mai ɗan sarari don iska ta rage sauro, nesa da turbar da dorina ke bi in ta fito kiwo. Sunayen garuruwan bakin tafki da yawa daga irin wannan zama suka samo asali: Daban Masara, Kwatan Turare, Tumbun Gini, duk sansanin masunta da manoma ne da suka zauna suka zama gari. Ana kafa bukkar kwana, a ware wurin salla, a haƙa makewayi can nesa da ruwa, sa'an nan a gina wurin banda. Wannan na ƙarshe shi ne zuciyar sansani, domin kifin da aka kama da safe in bai ga wuta ba kafin yamma ya lalace. Ana fede shi, a yanka manya gunduwa-gunduwa, a nannaɗe tarwaɗa, a jera a kan waya bisa wuta marar harshe har ya bushe. Itace yana da wuya a bakin tafki, dole a sa shi cikin lissafi. Waɗansu sukan yayyafa wa banda maganin ƙwari don kada ta yi tsutsa, wannan kuwa cutar da mai ci ne. Gyaranta shi ne a busar da ita sosai a kuma fitar da ita kasuwa da wuri.

Rabo

Abin da ya fi kifar da ayari ba iska ba ce, rabo ne. Saboda haka tun a zauren Damagum, gaban shaidu, ake yanke yadda za a yi: nawa ne kason jirgi, nawa ne na mai raga, nawa ne na masu aiki, me za a ba yaron tukunya, kuma wa zai ɗauki asarar ragar da ta ɓata. Akan fara cire kuɗin abinci da na izini da na mota kafin a raba saura. Wanda ciwo ya kwantar a sansani ba a hana shi kasonsa. Sai kuma maganar bashi. Fatoma ko dillali yakan ba ayari raga da abinci tun farkon zuwa, da sharaɗin shi za a sayar wa kifi. Taimako ne ga wanda ba shi da jari, amma wanda ya ci bashi ba ya yin ciniki da ƙarfi, kuma sau da yawa akan gama rani a tarar kamun duk na mai bashi ne. Ayarin da ya sayar da wake da gyaɗarsa ya haɗa jarinsa tun daga gida, shi ke dawowa da abin kirki.

Masu yi don nishaɗi

Abin sha'awa, a waɗansu ƙasashe mutane sukan yi irin wannan tafiya don hutu kawai. Suna amfani da wani ɗan siririn jirgi mai ɗaukar mutum ɗaya ko biyu da ake kira kayak, wanda asalinsa na mafarautan ƙanƙarar arewacin Kanada da Alaska ne, da fatar dabbar ruwa suke yinsa, yanzu kuwa da roba ake ƙera shi. A jihar Fulorida ta Amurka, a gandun Everglades da ke bakin teku mai ɗumi, akwai hanyar ruwa mai tsawon mil 99 da abokai kan bi cikin kwanaki, suna kamun kifi da fatsa, suna kwana a kan dakalin katako da aka kafa bisa ruwa. Su ma sai sun nemi takardar izini, sun auna ruwan sha na kowane mutum a kowace rana saboda na tekun gishiri ne, sun zaɓi watannin sanyi don gudun sauro, sun kuma bar wa wani a gida bayanin inda suka nufa. Tambayoyin dai su ne na zauren Damagum. Bambancin shi ne, su in ba su kama kome ba sun sha iska, shi kuwa mai cin rani da kamun zai yi wa iyali sutura ya sayi takin baɗi.

Abin da ya sauya

Lissafin da iyaye suka bari ba ya isa shi kaɗai a yau. A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin 1973 ya raba shi biyu, na 1984 ya ƙara tsuke shi har ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, Baga da ke bakin ruwa ta wayi gari ruwan ya yi mata nisa. Daga baya ya ɗan farfaɗo, kuma a shekarun ambaliya irin 2022 da 2024 ya mamaye wuraren da aka daɗe ana nomawa, saboda haka mashigin bara ba lalle ne ya zama na bana ba. A ɓangaren Nguru kuma, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa.

Mafi muni shi ne rashin tsaro. Rikicin Boko Haram ya ci Baga a 2013, ya sake cinta a Janairun 2015 da Disambar 2018, aka yi shekaru sojoji suna hana su da safarar kifi, sai a 2020 Gwamnatin Jihar Barno ta fara mayar da mutanen garin. An sha kashe masunta da manoma a tsibirai da bakin gaɓa, waɗansu kuma 'yan bindiga suka ɗora musu haraji. Don haka tambayar “ina aka dosa” ta zama maganar rai. Uban tafiya na ƙwarai ba ya dogara da labarin tasha. Sai ya ji daga bakin mai masaukinsa da hukumomin tsaro na wurin, kuma in aka ce ga iyakar da ba a ƙetarewa, ba ya bari kwaɗayin giwan ruwa ya ƙetarar da 'ya'yan mutane. Shekarar da tafki bai yiwu ba, Gashuwa da Nguru suna nan, in su ma ba hali a haƙura da gurabun Komadugu Gana.

Idan watan Afrilu ya kama, zafi ya tsananta, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, sai a kwashe raga a shanya, a sayar da jirgi ko a damƙa shi amana, a je a yi wa Sarkin Ruwa sallama. Gona tana jira a Fune, ga sharar daji ga kai taki. Akan shigo Damagum da kwalin banda na tsaraba a kan mota, yara suna ta murna. Amma dattawan da suka zauna a zaure ranar shawara ba kwali suke fara ƙirgawa ba. Kawuna suke ƙirgawa, in mutum takwas suka tafi su ga takwas sun sauko, sa'an nan a yi fatiha, a buɗe maganar rabo. Allah ya kai matafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.